Shekarar Da Aka Ƙwace Lasisin Auta

Tun ina yarinya a unguwar Tandabawi a Makka nake son mota. Babanmu direban bas ne, yana jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, kuma duk ranar da ya dawo ya ajiye bas ɗin a bakin layi sai in lallaɓa in haye kujerarsa, in rungumi sitiyarin da ya fi ni faɗi, ina ruri da baki har sai an zo an sauke ni. A lokacin mace ba ta tuƙi a ƙasar nan, don haka kowa ya ɗauke shi wasan yara.

Sa'ad da aka ba mata izinin tuƙi, Baba ya riga mu gidan gaskiya, an rushe layinmu, mun koma wani bene a unguwar Shisha. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, aurena ya mutu, na dawo gaban Umma. Mu uku ne a gidan, ni da ita da ƙanena na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta. Mota ɗaya gare mu, tana hannunsa, yana ɗaukar fasinjoji da ita ta hanyar waya. Ranar da na kawo maganar koyon tuƙi muna cin abincin rana, Umma ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ga namiji a gida, me za ki yi da sitiyari?"

Auta ya tuntsire da dariya, ya ce da Larabci, "Yaya, ke da kike karo da ƙofar firji?"

Haka yake. Umma ta yi masa Hausar Kano, shi ya mayar mata da Larabcin Makka, in ya ga dama ya jefa "to" ko "sannu" a ciki. Na haɗiye maganata da lomar shinkafa, ban sake tayar da ita ba.

Wata Juma'a da hantsi Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙanen Umma ne, yana da shagon turare da tasbaha a unguwar Jarwal, kuma ba ya barin shagon nan ranar Juma'a ko da me ake yi. Auta bai kwana a gida ba, ya ce mana zai je bikin abokinsa a Jidda. Kawu ya zauna bai cire takalmi ba.

"An tsare Auta a shingen Shumaisi, a hanyar shigowa Makka. Bai buge kowa ba, lafiyarsa ƙalau. Motar ce aka ga tana tangaɗi, da aka tsayar da shi aka ji wari a bakinsa."

"Warin me?" in ji Umma.

Kawu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Sai da ya faɗi kalmar da bakinsa sannan ta gane. Ashe bayan biki samarin sun wuce wani gidan hutawa a bayan gari, aka zagaya da abin a cikin robar ruwa, shi kuma ya ɗauko hanya yana cewa ai ya san ta kamar tafin hannunsa.

Umma ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce, "Kakanku da ƙafa ya tako daga Kano, ya ratsa Sudan, ya haye teku, don ya mutu kusa da Ɗakin Allah. Yau jikansa ne zai shigo garin da giya a ciki." Ta tashi ta shige ɗaki. Da yamma wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta Tandabawi, wadda ta zo Hajji tun da daɗewa ta zauna ba takarda, ta hau benenmu da ƙyar don jaje. Ita ce ta fara sa Umma ta saki numfashi. Ta ce, "Ki gode wa Allah, Hajiya, ɗanki ɗan ƙasa ne. Da nawa ne, da yanzu ana shirya masa jirgi zuwa garin da bai taɓa gani ba."

Auta ya yi makonni a tsare kafin a kai shi gaban alƙali. Ranar shari'a Kawu ne ya je, mu muka zauna muna jan carbi, kunnenmu na kan matakala. Wajen La'asar muka ji tafiyar mutum biyu. Na riga Umma isa ƙofa. Ga Auta nan, ya rame, gemu ya cika masa fuska, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya durƙusa ya kama ƙafar Umma, ta bar shi a nan ya daɗe kafin ta ɗora masa hannu a ka.

Kawu ya yi mana bayani. Da yake wannan ne karonsa na farko, kuma bai ji wa kowa ciwo ba, alƙali ya yanke masa ɗauri amma ya jingine shi. Ba zai shiga kurkuku ba muddin ya kiyaye sharuɗɗa na kusan shekara guda. An karɓe lasisinsa, ko a cikin layi ba zai taɓa sitiyari ba. Zai riƙa zuwa wani ofishi yana sa hannu, yana zama da mai ba da shawara. Duk ranar da aka aiko masa saƙo ta waya, dole ya je asibiti a wannan safiyar a gwada jininsa. Ba zai fita ƙasar ba. Sannan zai yi hidima kyauta a Harami, yana tura tsofaffi da marasa ƙarfi a keke. Kawu ne ya tsaya masa. In ya saɓa ko ɗaya, ɗaurin da aka jingine zai faɗo masa a ka.

"Ɗaurin talala ke nan," in ji Umma. "Irin na akuya. Igiyar da tsawo, amma tana wuya."

"Haka ne, Yaya," Kawu ya ce mata. "Saura wanda zai riƙa kai shi. Ofishin yana wancan gefen gari, asibitin yana wani gefen. Ni ba zan iya rufe shago kullum ba. Tasi kuma ba kullum ake samunta a kan kari ba, kuma wannan abu ba ya son latti."

Motar tana ƙasa a bakin bene inda Kawu ya ajiye ta bayan ya karɓo ta, ƙura ta fara rufe gilashinta. Gida na cikin jimami, amma wallahi zuciyata bugawa take kamar ta amarya.

"Ni zan kai shi," na ce.

Su ukun suka juyo. Auta ya buɗe baki, ya tuna matsayinsa, ya rufe. Umma ta daɗe tana kallona.

"Wato faɗuwa ta zo daidai da zama."

"Eh, Umma."

"To, je ki koya. Allah ya tsare."

A ƙasar kakanninmu in murna ta cika mutum sai a ce kamar an ba shi kujerar Makka. Mu da aka haifa a cikinta ban san kujerar ina zan ce an ba ni ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi tsalle, ni da na haura shekara talatin.

Makarantar koyon tuƙi ta mata cike take. Akwai 'yan jami'a, akwai ma'aikatan asibiti, akwai wata dattijuwa da ta ce mijinta ya makance kuma ta gaji da roƙon surukai. Muka fara da aji, ana nuna mana alamomin hanya, ina rubutawa kamar ɗalibaina. Ranar da aka fito da mu fili, malamar ta ce in ɗaga ƙafata daga birki a hankali. Na ɗaga. Motar ta motsa. Tafiyar ba ta fi ta kunkuru ba, amma na saki ihu har malamar ta taka nata birkin tana dariya. Na dawo gida na ba Umma labari sau uku, har ta ce in bar ta ta yi Magariba.

A waɗannan watannin na farko da tasi Auta yake zirga-zirga, wani lokaci Kawu ya kai shi. Ya zama shiru-shiru. Abokan da suka sha tare ba wanda ya leƙo shi, shi ma ya goge lambobinsu. Da yamma sai ya ɗauki littafina na alamomi yana yi mini tambayoyi, in na kuskure ya ce, "La, la, ya Yaya," ya zana mini a bayan takarda. Shi ne aikin da ya fara dawo masa da walwala.

Jarrabawar farko na faɗi. Komai ya tafi daidai har aka zo ajiye mota da baya tsakanin sanduna biyu, na kwashe ɗaya. Na yi kuka a tasi har gida. A karo na biyu na shige tsaf, saura kaɗan in rungumi mai jarrabawar. Da saƙon lasisin ya shigo wayata na nuna wa Umma, sai ta fita baranda ta rangaɗa guɗa, ita da ta ce me zan yi da sitiyari. Matan bene suka leƙo suna tambaya ko aure aka sa.

Samun lasisi daban, shiga titin Makka daban. Garinmu duwatsu ne da gangara da hanyoyin da aka huda cikin dutse, waɗanda muke kira nafaƙ, ga direbobi marasa haƙuri, ga baƙi masu tsallaka titi suna kallon hasumiyar agogo. Don haka kowace Asabar bayan La'asar Kawu yakan tuƙa mu zuwa Arfa. In ba lokacin Hajji ba, titunan can faɗi ne fetal ba kowa sai iyalai da suka shimfiɗa darduma suna shan shayi, da 'yan koyo irina. Umma takan zauna a baya da fulas ɗinta. Ranar farko na shiga kujerar direba, na gyara madubi, na yi bisimilla. Kawu ya ce, "To, sa giya."

"A'uzubillahi!" Umma ta dafe ƙirji. "Wace giya kuma? Ba ita ta kawo mu nan ba?"

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Auta bai gane ba sai da na fassara masa cewa a Hausa sunan abin canza gudun mota da sunan abin da ya sha ɗaya ne. Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin a kama shi.

Daga nan na fara kai shi da kaina. Kafin in wuce makaranta nakan sauke shi a tashar bas ɗin Harami, ranar sa hannu kuma in kai shi ofis in jira a mota. Yana zaune a gefena, hannayensa a cinya, ƙafarsa na taka birkin da babu. In na matso kusa da wata mota sai ya ja numfashi ta haƙora. Na ce masa in ya sake yi zan sauke shi ya ƙarasa a ƙasa. Duk da haka shi ya koya mini yadda ake kutsawa shataletale ba tare da jiran wani ya tausaya maka ba, da layin da ake kamawa tun kafin a shiga nafaƙ.

Aikin Harami ya fara shi da ɗaure fuska. Yana jin kunyar kada wani ɗan unguwa ya gan shi cikin rigar masu hidima ya tambayi dalili. Ƙafafunsa suka kumbura da zirga-zirga tsakanin Safa da Marwa. Wata rana na je ɗauko shi, ya shigo mota da sauri.

"Yaya, mene ne 'awo'?"

"Ina ka ji shi?"

Wani tsoho ne daga Sakkwato aka ba shi ya tura. Tsohon bai iya Larabci ba, ya ɓace wa 'yan tawagarsa, sai rarraba ido yake. Auta ya sunkuya ya ce masa, "Sannu, Baba." Tsohon ya riƙe masa hannu gam, ya dinga zuba masa Hausa irin tasu, Auta na tsintar ɗaya cikin goma. Da ya tambaye shi ko yana son ruwan Zamzam sai ya ce awo. Na ce masa eh ke nan. Bayan sun gama sa'ayi Auta ya bi da shi har ya gano masaukinsu a Jarwal.

"Ya yi ta sa mini albarka, Yaya. Ya dafa kaina. Ban gaya masa abin da ya sa nake tura keken ba."

Ya juya yana kallon taga. Na rage gudu. Tun daga ranar da shugaban masu hidimar ya gane yana jin Hausa, duk tsohon da ya zo daga Najeriya ko Nijar ya rasa mai fassara sai a kira Auta. Kullum ya dawo da sabuwar kalma a baki. Umma ta fara zaunar da shi tana gyara masa, yana cewa "kafa" tana cewa "ƙafa", har ya iya ƙwanƙwasa harafin.

Gwajin jini shi ne abin da ya fi tsorata mu, don ba a sanar da rana. Saƙo ne kawai zai shigo da safe, kuma dole ya isa kafin a rufe karɓa da Azahar. Rashin zuwa daidai yake da an same shi ya sha. Sau da dama abin ya zo da sauƙi. Sai ranar ruwan sama.

Tun da daddare aka sanar cewa ba makaranta saboda hadari. Da safe sama ta yi baƙi ƙirin ta bayan duwatsun Mina, ina jin daɗin hutu, na ɗora shayi. Sai wayar Auta ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta canza. Kafin ya gama sa riga ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Wanda bai san Makka ba ba zai gane ba. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba gangarowa yake cikin tituna, nan da nan layi ya zama kogi. Auta ya nemi tasi ta waya, ba wanda ya amsa. Kawu yana Madina sarin kaya. Muka jira ko zai tsagaita, ya ƙi, lokaci na tafiya.

Na ɗauki makulli. Ban taɓa tuƙi cikin ruwan sama ba ko sau ɗaya.

"Ku jira ni," in ji Umma, tana jan abayarta. "Ba zan zauna ina kallon bango ba."

"Umma, hanya ba kyau."

"Shi ya sa."

Muka fito. Da farko ma na rasa abin share gilashi, na kunna fitilar kwana, na kunna ta gaba, sai da Auta ya nuna mini da yatsa. Babban titi ya cushe, motoci sun tsaya cak tun daga bakin gada. Auta ya ce in kauce ta wani layi da ke gangarawa ya ɓulla bayan cunkoson. Na shiga. Layin matsattse ne, motoci a fake dama da hagu, ruwa na bin tayoyinmu yana wuce mu. Muna kaiwa tsakiya na ga abin da ke ƙasa. Ruwa ya taru a gindin gangaren, wata ƙaramar mota ta nutse har ƙofa, mai ita yana tsaye a kan dakalin wani shago ya ɗora hannu a ka. Gaba ba hanya. Ba wurin juyawa. Sai dai a koma da baya, a hau tudun nan duka, tsakanin motocin mutane.

Na taka birki. Baya ita ce ta kayar da ni a jarrabawa, a fili ma ke nan, rana tsaka, ba ruwa. Gilashin baya ya yi hazo, ba na ganin komai.

"Ba zan iya ba," na ce.

Auta ya kwance bel ɗinsa. "Yaya, sauko. Minti ɗaya ne. In fitar da ita zuwa sama kawai, sai ki karɓa. Ba wanda zai gani."

Gaskiya na so in sauka. Hannuna ya kai kan ƙofa. Sai muryar Umma ta fito daga baya, a kwance, ba ihu.

"Auta, in ka taɓa sitiyarin nan ban yafe ba. Ka yi wa alƙali alkawari, kawunka ya sa hannu, ni kuma ina gani. Ke kuma mayar da hannunki inda yake. Wanda ya shigo da mu shi zai fitar da mu."

Ruwa na dukan rufin mota. Sai Auta ya buɗe ƙofarsa ya fita.

"Ina za ka?"

"Sauke gilashi ki saurare ni!"

Ya zagaya bayan motar cikin farar jallabiyarsa, ruwa na dukan ƙwaurinsa, ya tsaya inda zan gan shi a madubin gefe. Ya ɗaga hannu yana kira na. Na mayar da motar baya, na saki birki kaɗan. Ya yi ihu, "Yamin! Dama, dama! Bas, ya isa! Miƙe!" Larabci da Hausa duk ya haɗa. Ruwa na shigowa ta taga yana jiƙa mini fuska, ban damu ba. Idona na kan hannunsa. In ya karkata shi in karkata, in ya dunƙule in tsaya. Umma na baya tana jero salati, duk sanda na matso kusa da motar wani sai ta ɗaga murya, ta haka ma nake gane na yi kusa. Takalminsa ɗaya ya tsinke ruwa ya tafi da shi, ya bi shi da kallo kawai ya ci gaba da ja da baya. Wasu yara a baranda suka fara tafi suna ƙirga mana. Madubina ya shafi na wata mota ya lanƙwashe, na ce innalillahi, Auta ya miƙar da shi ya ce ba abin da ya yi, in taho.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji bayan motar ya daidaita, na ga babban titi ta gefe. Mun fito. Na buga sitiyari da hannu biyu ina ihu, Umma ta ce, "Allahu Akbar!" Auta ya faɗo cikin mota yana ɗiga, yana haki, yana dariya.

"Yalla, Yaya, yalla! Nafaƙ!"

Cunkoson ya ɗan saki. Na kama layin da ya koya mini, muka shige cikin dutse. Ƙarar ruwa ta ɗauke ɗif, fitilu na wucewa ta samanmu, hanya a bushe. A nan na taka mota yadda ban taɓa takawa ba, daidai iyakar da doka ta yarda, don Auta na kallon allon gudu yana cewa kada mu je gwajin mutum ɗaya a kama na biyu. Muka ɓullo ta ɗaya gefen, ruwan ya koma yayyafi.

Mun isa asibiti ana shirin kiran Azahar. Auta ya fita da gudu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Na ajiye mota a karkace na bi shi. Na tarar da shi a gaban tagar karɓa, ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, ma'aikacin yana kallonsa daga sama har ƙasa.

"Iyo ka yi ka zo?"

"Yayata ce ta kawo ni," in ji Auta, ya nuna ni. Yadda ya faɗe shi, kai ka ce wata babbar direba ce ya ɗauko daga Riyad.

Aka ɗebi jininsa. Wata ma'aikaciya ta kawo masa zanen gado ya yafa. A hanyar dawowa Umma ta ce yunwa take ji, abin da ba ta taɓa faɗa a waje ba. Muka tsaya wurin masu mutabbak, wata soyayyar fulawa mai nama da ƙwai a ciki, muka saya da zafinsa, muka ci a cikin mota gilashi na hazo, kowa na ba da labarin abin da dukanmu muka gani. Umma ta ce salatinta ne ya fitar da mu, Auta ya ce hannunsa ne, na ce su biyun su gwada ba direba mu gani. Da Kawu ya dawo daga Madina ya ji, ya sa na maimaita masa tun daga farko, sannan ya kawo mini kwalbar turaren da ba ya sayar wa kowa.

Sauran watannin suka wuce ba tangarɗa. Gwajinsa bai taɓa nuna komai ba. Mai ba shi shawara ya rubuta masa shaida mai kyau, shugabansu na Harami ma haka. Ranar da wa'adin ya cika muka je tare da Kawu, aka soke ɗaurin, aka ce zai iya neman lasisinsa bayan ya sake zama ajin dokokin hanya. Ya zauna, ya ci, aka mayar masa. Bai koma ɗaukar fasinja ba. Wani kamfanin hidimar alhazai ya ɗauke shi aikin tafinta, saboda samarin da ke jin Larabci da Hausa sosai ba su da yawa kamar yadda ake zato. Motar kuma muka raba ta, ni da safe, shi da yamma, muna faɗa a kan wanda ya matsar da kujera.

Da zafi ya shigo a shekarar, Umma ta ce rabonta da Ɗa'if tun Baba na da rai. Muka shirya ranar Asabar. A gindin dutsen Hada Auta ya tsaya a gefen hanya ya fito.

"Ke za ki hau da mu," ya ce. "Ni zan sauko da mu."

Na hau. Hanyar na naɗewa kamar igiya, kwana bayan kwana, rami a gefe, gajimare na taɓa gilashi. Duk da haka bakina ya ƙi rufuwa don murna. A wani wurin tsayawa birai suka kewaye mu, wani ƙato ya haye kan motar ya leƙo, Umma ta rufe jakarta tana yi masa faɗa da Hausa. A sama iska mai sanyi ta tarbe mu. Muka sayi rumman da ruwan wardi, muka shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya, Umma ta miƙe ƙafa ta ce a zuba mata shayi, kuma kada wanda ya yi maganar komawa sai ta yi barci ta tashi.